Yadda Ake Gano Kuskuren Juya Sharaɗi a Cikin Hujja, Mataki Bayan Mataki

Masu karatu da dama sun sha tambayata yadda mutum zai gane cewa hujjar da aka kafa masa da "idan kaza, to kaza" ta karkace, musamman idan kowace jumla a cikinta gaskiya ce amma zuciya ta ƙi amincewa da inda aka kai ta. Sau da yawa abin da yake faruwa abu ɗaya ne: an ɗauki magana mai tafiya daga sharaɗi zuwa jawabinsa, an bi ta ta baya, daga jawabi zuwa sharaɗi, kamar hanyar a buɗe take ta kowane ɓangare. Misalinsa shi ne a ce, "Idan aka yi ruwan sama ƙasa za ta jiƙe, ga ƙasa a jiƙe, ashe an yi ruwan sama." Jumloli biyun farko ba su da aibi, amma ta ukun ba ta fito daga cikinsu ba, domin bututun da ya fashe ma yana jiƙa ƙasa. Ga yadda ake kama wannan kuskure a aikace.

Kayan aiki

Takarda da biro sun wadatar, kuma ina ba da shawarar a yi amfani da su da gaske a farkon koyo. Hujjar da aka saurara da kunne tana wucewa da sauri, kuma kunne yana jin "idan an yi ruwa ƙasa ta jiƙe" da "idan ƙasa ta jiƙe an yi ruwa" kamar magana ɗaya, alhali ido yana ganin bambancinsu da zarar an rubuta su ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Aikin ba ya cin kuɗi, abin da yake ci shi ne mintuna kaɗan a kan kowace hujja. Tsadar tana wajen barinsa, kamar ta wanda ya sayi sabon batiri don motarsa ta ƙi tashi, daga baya ya gano cewa waya ce ta kwance.

1. Fitar da jumlar sharaɗin fili

Mutane ba kasafai suke furta hujjarsu cikakkiya ba. Mai cewa "Lallai zazzaɓi ne, ka ji yadda jikinsa ya yi zafi" bai ambaci kalmar "idan" ba, amma maganarsa tana tsaye ne a kan wata jumla da ya ɓoye, wato "idan mutum yana zazzaɓi jikinsa yana zafi". Aikinka na farko shi ne ka tono wannan jumla ka rubuta ta a layi na ɗaya. A layi na biyu ka rubuta abin da aka gani ko aka tabbatar, a layi na uku kuma natija, wato hukuncin da aka yanke.

Sharaɗi yana zuwa da tufafi iri-iri. "Duk wanda ya yi kaza zai sami kaza", "duk lokacin da", "muddin", "matuƙar", "da zarar", har ma da "kowane kaza kaza ne", dukansu ana iya mayar da su siffar "idan". "Kowane kifi yana rayuwa a ruwa" ma'anarsa "idan abu kifi ne, to yana rayuwa a ruwa".

Gargaɗi: ka rubuta jumlar da aka san gaskiyarta, kada ka rubuta wadda za ta ceci mai hujjar. Idan ka rubuta "idan jiki ya yi zafi, to zazzaɓi ne", hujjar za ta miƙe a siffa, amma ka dasa mata jumlar da ba gaskiya ba, tunda gudu da zama cikin rana ma suna zafafa jiki. A nan kuskuren ya tashi daga siffa ya koma cikin jumla ta farko, bai gushe ba.

2. Sa wa sassan biyu alama

Ka kira abin da ya biyo bayan "idan" A, shi ne sharaɗi. Ka kira abin da ya biyo bayan "to" B, shi ne jawabi. Sai ka ja kibiya daga A zuwa B. Kibiyar tana cewa duk inda A ya samu, B ma ya samu, kuma iyakar abin da take cewa ke nan. Ba ta yi alkawarin komai a kan wurin da aka tarar da B ba.

Gargaɗi na farko: matsayin sashe a cikin jumla ba shi ne yake mayar da shi sharaɗi ba. A "fitila za ta mutu idan aka yanke wuta", yanke wutar ne A ko da yake ya zo a ƙarshe.

Gargaɗi na biyu ya fi muhimmanci, kuma a nan ne na ga mutane masu kaifin hankali suna tuntuɓe: kalmar "sai" tana juya kibiya. Wanda ya ce "ba a shiga jirgi sai da tikiti" bai ce duk mai tikiti zai shiga ba, domin mai tikiti yana iya makara, ko a hana shi saboda wani dalili. Abin da ya ce shi ne "idan mutum ya shiga, to yana da tikiti". Saboda haka shigar ce A, tikitin kuma B, duk da cewa a tsarin lokaci tikiti ne yake riga zuwa. Haka abin yake a "wuta ba ta ci sai da iska": inda wuta take ci akwai iska, amma iska tana ko'ina ba tare da komai ya kama ba. Wannan yana nuna cewa kibiyar sharaɗi ba koyaushe take bin tsarin sanadi da abin da ya haifar ba, ba kuma koyaushe take bin tsarin gaba da baya na lokaci ba. Tana bin lizimci ne kawai, wato wanne ne samuwarsa take tilasta samuwar ɗayan.

3. Duba abin da layi na biyu ya taɓa

Layi na biyu yana iya yin ɗayan abubuwa huɗu, kuma da zarar ka gane wanne ya yi, rabin aikin ya ƙare.

Idan ya tabbatar da A, natijar "saboda haka B" ingantacciya ce: an yi ruwa, to ƙasa ta jiƙe. Masana mantiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, suna kiran wannan siffa da sunan Latin, modus ponens. Idan ya kore B, natijar "saboda haka babu A" ita ma ingantacciya ce: ƙasa a bushe take, to ba a yi ruwa ba. Sunanta modus tollens. Idan kuwa ya tabbatar da B aka ce "saboda haka A", to wannan shi ne kuskuren da muke farauta. Idan ya kore A aka ce "saboda haka babu B", wato "ba a yi ruwa ba, ashe ƙasa ba ta jiƙe ba", wannan ɗan'uwansa ne, kuma ciwonsu ɗaya, domin dukansu sun ɗauka cewa A ce kaɗai ƙofar da B yake shigowa ta cikinta.

A nan ya kamata a san sunayen, domin littattafai ba su haɗu a kan suna ɗaya ba, kuma ɗalibi yakan zaci kurakurai uku ne alhali guda ne. Sunan da ya fi yawo a littattafan Turanci ma'anarsa "tabbatar da jawabi", kuma ya samo asali ne daga abin da layi na biyu ya yi. A littattafan lissafi an fi kiransa "kuskuren juyi", domin mai yinsa ya ɗauki jumla da juyinta, "idan A to B" da "idan B to A", a matsayin abu ɗaya. Wasu kuma suna ce masa "rikita sharaɗin dole da sharaɗin da ya wadatar", kuma a ganina wannan sunan ya fi sauran bayyana ciwon: tikiti dole ne ga shiga jirgi, amma shi kaɗai bai wadatar ba. A mantiƙin Larabci sharaɗi shi ne muƙaddam, jawabi kuma tali, wato mai biyowa, don haka ake kiran kuskuren isbatut tali, ɗan'uwansa kuma inkarul muƙaddam. Malaman wannan fanni sun bayyana dalilin da kalma biyu: lazimi, wato B, yana iya fin malzumi, wato A, faɗi. Duk ɗan'adam mai rai ne, amma mai rai ya fi ɗan'adam faɗi, don haka ganin mai rai ba ya tabbatar da ɗan'adam. Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, shi ma ya lissafa shi cikin hujjojin yaudara da sunan kuskuren abin da yake biyowa, kuma misalin ruwan sama da jiƙar ƙasa nasa ne, tare da misalin masu ganin ruwan matsarmama su zaci zuma ce saboda dukansu rawaya ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Gargaɗi: korewa tana rikita mutane idan jawabin da kansa yana ɗauke da "ba". A "idan batiri ya mutu mota ba za ta tashi ba", B shi ne rashin tashi. Wanda ya ce "mota ba ta tashi ba" ya tabbatar da B ne, bai kore shi ba. Kada ka ƙirga "ba", ka duba ko layi na biyu ya yi daidai da B ko ya saɓa masa.

4. Nemi wata ƙofa zuwa B

Gane siffa ya isa ya nuna cewa hujja ba ta inganta ba, amma ba ya gamsar da abokin magana, wani lokaci ma ba ya gamsar da kai kanka. Abin da yake gamsarwa shi ne misali guda ɗaya wanda B ya samu a cikinsa ba tare da A ba. Ka rubuta B a tsakiyar takarda, ka yi ta jawo kibiyoyi zuwa gare shi daga duk abin da zai iya kawo shi. Rashin tashin mota yana zuwa daga mutuwar batiri, da ƙarewar mai, da lalacewar sitata, da kwancewar waya. An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma haka ne, sai dai sanin cewa akwai dalili daban yake da sanin wane dalili ne.

Idan batun ya yi maka nisa, ka ara masa siffarsa ka zuba mata lambobi. "Idan lamba tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2, wannan lamba tana rabuwa da 2, ashe tana rabuwa da 4." Lamba 6 kaɗai ta rushe wannan. Tunda siffar ta iya ɗaukar jumloli biyu na gaskiya ta haifi ƙarya sau ɗaya, ba a dogara da ita a ko'ina.

Gargaɗi: ba a buƙatar ka tabbatar cewa ɗaya ƙofar ce ta faru. Ya isa ka nuna cewa tana iya faruwa. Nauyin rufe sauran ƙofofi yana wuyan wanda ya ce "lallai A ne".

5. Tambayi ko kibiyar mai kai biyu ce

Kafin ka yanke wa hujja hukunci, ka yi mata adalci da wannan tambaya. Akwai jumlolin da suke tafiya gaba da baya. Lamba tana rabuwa da 10 idan ta ƙare da sifiri, kuma ba ta rabuwa da 10 sai ta ƙare da sifiri, don haka daga kowane ɓangare ka taso za ka isa ɗayan. A irin wannan hali bin hanya ta baya ba kuskure ba ne, domin "idan B to A" ma gaskiya ce mai zaman kanta. Ma'anonin kalmomi da yawancin ƙa'idojin da aka tsara da gangan suna da wannan siffa.

A maganar yau da kullum kuma mutane sukan furta kai ɗaya suna nufin biyu. Uban da ya ce wa ɗansa "idan ka ci jarrabawa zan ba ka kyauta" galibi yana nufin cewa idan bai ci ba babu kyauta, kuma "muddin" da "matuƙar" sun fi "idan" karkata zuwa wannan ma'ana. Saboda haka ka tambayi mai maganar: shin A kaɗai ke kawo B, ko akwai wasu? Idan ya ce A kaɗai, to ya ƙara sabuwar da'awa, kuma ita ce yanzu za a nemi hujjarta.

6. Kada ka ƙaryata natijar don hujjar ta faɗi

Wannan shi ne kuskuren da sababbin koyo suka fi yi bayan sun iya matakan baya. Rushewar hujja tana nufin ba a tabbatar da natija ba, ba ta nufin natijar ƙarya ce. Mai yiwuwa ruwan saman ne ya jiƙa ƙasar. Wanda ya ce "hujjarka ba ta inganta ba, ashe ba a yi ruwa ba" ya faɗa cikin ɗan'uwan kuskuren da ya kama.

Tarihin ilimin taurari yana da misalin da ban san wanda ya fi shi ba, domin mutum ɗaya ne ya yi amfani da siffa ɗaya sau biyu. Masanin lissafin Faransa Urbain Le Verrier ya ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da lissafi ya tsara mata. Ya san cewa idan akwai wata duniya da ba a gani ba tana jan ta, za ta kauce haka, sai ya lissafa inda wannan duniyar za ta kasance, kuma a 1846 aka hango ta, wato Neftun, daga birnin Balin na Jamus kusa da wurin da ya nuna. A 1859 ya ga irin wannan kaucewa a tafiyar duniyar Makuri, ya sake cewa akwai wata duniya tsakaninta da rana, har aka raɗa mata suna Bulkan. An yi shekaru ana nemanta ba a same ta ba, sai a 1915 Albert Einstein ya bayyana kaucewar da sabon bayaninsa na ƙarfin jan nauyi, ba tare da wata duniya ba. Siffar tunanin ba ta canza ba tsakanin karon farko da na biyu. Abin da ya tabbatar da Neftun shi ne ganinta da aka yi a madubin hangen nesa.

7. Auna ƙarfin alamar

Ban yarda da masu cewa a daina tunani daga jawabi zuwa sharaɗi ba, domin likita da makanike da mai binciken laifi duk da shi suke aiki, daga alama suke tasowa su nemi sanadi. Laifin yana cikin kalmar "lallai". Idan aka sauya ta da "mai yiwuwa", hujjar ta tashi daga yanke hukunci ta koma zato, kuma zato ana auna shi da tambayoyi biyu: yaya yawan A yake tun kafin a ga alamar, kuma sau nawa B yake zuwa ba tare da A ba?

Ga lissafi da lambobin da na ƙaga don misali kawai. A ce cikin mutum 10,000 akwai 100 masu wata cuta, kuma gwajinta yana kama 99 daga cikinsu. A ce kuma yana yin kuskure a kan kashi 5 cikin ɗari na masu lafiya, wato 495 daga cikin 9,900. Waɗanda gwajin ya nuna suna da cutar sun zama 594, amma masu ita da gaske 99 ne, wato ɗaya cikin shida. Jumlar "idan kana da cutar gwaji zai nuna" kusan koyaushe gaskiya ce, juyinta kuwa, "idan gwaji ya nuna kana da cutar", ya fi yawan zama ƙarya a wannan misali. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita gwaji ko a ƙara wani daban kafin a fara magani mai nauyi.

Gargaɗi: alamu da yawa suna ƙarfafa zato ne idan kowace tana rufe wata ƙofa dabam. Idan fitilun mota ma sun ƙi kamawa, ƙarewar mai ta fita daga lissafi, kuma zaton batiri ko wayarsa ya ƙaru. Alamu goma da duk sanadan suke haifarwa daidai wa daida ba su ƙara komai ba.

8. Gwada kanka da kati huɗu

A 1966 masanin halayyar ɗan'adam na Ingila Peter Wason ya fito da wani gwaji da za ka iya yi da gutsattsarin takarda huɗu. Kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗayar. A gabanka kana ganin E, K, 4 da 7. Ƙa'idar ita ce: idan kati yana da wasali a fuska ɗaya, to lambar da take bayansa cika ce, wato tana rabuwa biyu ba saura. Waɗanne katuna ne dole ka juya don ka san ko an karya ƙa'idar?

Mafi yawan mutane suna zaɓar E kaɗai, ko E da 4, kuma a gwaje-gwajen da aka yi kusan ɗaya cikin goma ne kawai suke samun amsar. Amsar ita ce E da 7. Katin 4 shi ne B, kuma duk abin da yake bayansa, wasali ko baƙi, ƙa'idar ba ta karye ba, domin ba ta ce baƙi ba zai iya zama da lambar cika ba. Katin 7 kuwa shi ne korewar B, kuma idan aka tarar da wasali a bayansa ƙa'idar ta rushe. Hannun da ya miƙa zuwa 4 yana neman abin da zai yi daidai da ƙa'idar ne, alhali abin da yake gwada ta shi ne neman inda za ta iya karyewa. Ka maimaita wasan da ƙa'idojin da ka tsara da kanka har hannunka ya saba zuwa ga 7.

9. Gyara hujjar tare da mai ita

Ambaton sunan kuskure a tsakiyar muhawara ba ya cika amfani, domin wanda bai san sunan ba zai ji kamar ana raina shi, wanda ya sani kuma zai shiga kare kansa. Ka fara da amincewa da jumlolinsa biyu, tunda galibi gaskiya ne, sannan ka yi tambaya ɗaya: "Ban da wannan, akwai wani abin da zai iya kawo haka?" Daga nan hanyoyin gyara uku ne. Ko dai ya nuna cewa kibiyar mai kai biyu ce, ko ya rufe sauran ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da gwaji, ko ya sassauta natijarsa daga "lallai" zuwa "mai yiwuwa". A batun motar, hanya ta biyu ita ce a auna batirin da mita, a duba ma'aunin mai, a taɓa wayoyin a ga ko sun ɗaure, sannan a yanke shawarar abin da za a saya.